Kunne a Kan Ƙarfe

Ƙarfe biyu na dare a Apapa.
Can sama tankokin mai sun yi layi a kan gada,
direbobi na barci a ƙarƙashin motocinsu.
Ni ina ƙasa, tsani uku daga bene,
inda rana ba ta da hurumi,
inda zufa ke wanke kaki kafin omo ya gan shi.

Baba, ka tuna injin markaɗenka a Yawuri?
Kakan ɗora bakin sukudireba a jikinsa,
ka manna ƙotar a kunne, ka lumshe ido,
ka ce, "Kubura, zo ki ji, yana tari."
Shekarata tara. Na ji.
Har yau ban daina ji ba.

An kai ni Kaduna, na koyi tsayuwa
da sara wa wanda ya girme ni a kafaɗa.
An kai ni Sapele, na haddace lissafin zafi da matsi,
na zana fistin har ya riƙa zuwa mini a mafarki,
na shiga ɗakin hayaƙi da mesa a hannu,
na toshe ɓula da katako, ruwa na dukan ƙirjina.
Duk cikin malaman babu wanda ya ce in lumshe ido.

A jirgin nan kowa da kiwon da ya karɓe shi.
Nkiruka ce da lantarki da makamai,
wayoyi dubu, ta san kowace da sunanta,
in na'urar hango nesa ta makance ita ake tasa.
Ebitimi ne da gangar jirgin,
yana bin tsatsa da guduma kamar mai bin bashi,
gishirin teku kuwa ba ya biya.
Ni kayan ciki aka ba ni:
injina biyu, janareto uku, famfuna,
da farfelar da ban taɓa ganin juyinta ba,
sai dai in ji ta a tafin ƙafa.

Daren nan allo ya ce lafiya lau,
kowace fitila kore shar.
Amma janareto na biyu.
Na ari sukudireban Baba Folarin,
mai shekara ashirin da shida cikin wannan ƙara,
wanda kunnensa na hagu ya riga shi ritaya.
Na lumshe ido.
Yana tari, Baba. Can ciki, boris ne,
tsakuwa ɗaya a cikin tukunyar shinkafa.

Kwamanda na so mu tashi da asuba.
Na hau tsani uku da takarda babu sa hannu.
"Laftanar, me allo ya ce?"
"Ya ce lafiya, yallaɓai."
"To?"
"A ba ni awa shida."
Shirun da ya biyo baya ya fi ɗakin inji ƙara.
Ya dubi agogo, ya dubi baƙin man da ke farcena.
"Biyar."

Muka kwance shi, mu huɗu da fitilar goshi.
Kiran salla ya iske mu da sufana a hannu.
Da boris ɗin ya faɗo a tafina
sai ga zane, siririn gashi guda,
abin da zai bar mutum saba'in cikin duhu
inda ba a hango ko hasken Legas.

Da hantsi muka fice.
Masu fararen kaya sun jeru a bene,
masunta na ɗago musu hannu daga kwale-kwale.
Ba a ɗaga wa ɗakin inji hannu,
ba shi da taga.

Boris ɗin na aljihuna, Baba, a ƙulle cikin hankici.
In mun dawo zan kai shi Alaba Rago
in ba direban da ke zuwa Yawuri.
Kada ka tambaye shi ko mene ne.
Juya shi kawai kusa da kunnenka.